Jan Zaren da Ke Jikin Gasasshen Nama

Uwargida Wiesława,

Ki taimake ni da shawara, don ba ni da wanda zan tambaya. Ranar Lahadin Ista, 16 ga Afrilu, 1995, na kori ƙanena Czesław daga gidana, kuma tun daga ranar ban ƙara ce masa ko sannu ba. Shekara talatin ina riƙe da shi a zuciya.

Ni tsohon malamin Latin ne. Na daɗe ina koyarwa kafin a soke darasin a makarantarmu, a mai da ni mai tsaron ɗakin karatu. Na faɗi haka ne don ki san ba jahili ne ya rubuto miki ba, ko da yake in kin gama karantawa za ki yi shakka.

Matata Bogumiła, Allah ya ba ta hutawa, tana da wani girki da take yi duk ranar biki. Takan sayo doguwar tsokar nan mai laushi ta bayan alade, ta tsaga ta a tsaye, ta buɗe ta kamar littafi, ta bubbuga. Sai ta cusa busasshen tuffa da albasa da dakakkiyar gyaɗar bishiyar da ke bayan gidanmu, ta naɗe da siraran yankan kyafaffen naman ciki mai kitse, ta ɗaure da farin zare, ta sa a murhun gashi. Wata shekara na lura cewa gefe ɗaya na naman da jan zare aka ɗaure shi. Kuma ko yaya aka zauna a tebur, wannan gefen farantin Czesław yake zuwa. Biki uku, biki huɗu, ina kallo.

Czesław direban bas ne, kyakkyawa, mai yawan dariya, irin mazan da mata ke gyara wa kwalar riga. Ni kuwa na ƙare rayuwata ina tonon ma'ana a ƙarƙashin kowace kalma. Sau ɗaya na tambaye ta zancen zaren, ta yi dariya ta ce Farfesa, haka take kirana, ya ci abincinsa kafin ya huce. A waccan Istar, bayan an ɗan kurɓi giya, Czesław ya ɗaga jan zaren da cokali mai yatsu, ya kashe mata ido, ya ce duk garin Tarnów matar yayansa ce kaɗai ta san abin da bakinsa yake so. Na miƙe na buɗe masa ƙofa. Ya ɗauka wasa nake yi, har yana cewa Yaya ya bari ya ƙarasa dankalinsa tukuna. Na miƙa masa hularsa.

Da ta tambaye ni laifinsa, na ce ai ta fi ni sani. Ta kalle ni, ta shiga kwashe farantai. Muka ci gaba da zama, in ta kawo shayi in ce na gode, kamar baƙo a masauki. Ba ta sake yin girkin ba har ta rasu a watan Fabrairun bara.

Makon jiya likita ya ce burodi da shayi ba abinci ba ne. Na sauko da gwangwanin biskit ɗin da take tara katunan girkinta, na ci karo da na wannan naman. Na sayo kayan haɗin, na bi rubutunta layi bayan layi, na sa a wuta. Ina jira ne na juya katin. Ga abin da ta rubuta a bayansa: "Gefe ɗaya ba gyaɗa, a sa jan zare. Na Czesław ne, tana shige masa ƙarƙashin haƙoran roba. Kada kowa ya ji, musamman Farfesa, zai tsokane shi har kabari."

Shekara goma sha takwas ta yi tana aiki a asibitin haƙori. A can ta san sirrinsa, ta kuma riƙe masa.

Na zauna a kujerar kicin ina dariya, hawaye na zuba, har kitsen ya ƙone, naman ya bushe. Haka na cinye shi, kuma rabon da in ji daɗin abinci haka na manta. Matata ba ta ci amanata ba. Wani nauyi ya sauka daga ƙirjina wanda na riga na ɗauka ƙashin jikina ne.

Sai dai Czesław yana raye, a Nowy Sącz, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Ya zo jana'izarta ya tsaya can baya, na yi kamar ban gan shi ba. In je wurinsa, ko in bar shi ya huta da ni? Abin da na rasa dai a fili yake: ƙanena ɗaya tilo na shekara talatin, da matar da ta yi shekara ashirin da tara tana zaune a gabana.

Tsohon Malamin Latin, Tarnów

Malam,

Na yi murna da nauyin nan ya sauka. Ka ji daɗinsa, hakkinka ne. Amma ka sani kai kaɗai ya sauka wa. Ƙanenka har yau bai san dalilin da aka miƙa masa hula ba.

Ba zan ɗora maka laifin duka ba. Maganar da ya yi a tebur tana da fuska biyu, kuma matarka tana iya kashe wutar da kalma ɗaya. Ta riƙe amanar aikinta, watakila kuma zargin ya yi mata ciwon da ta ga ba abin da za ta kare. Kai ba ka fito fili ka tambaya ba, ita ba ta faɗa ba. Wannan ya wuce, sai dai ka kai mata kyandir kabarinta ka gaya mata ka juya katin.

Na Czesław bai wuce ba. Mutumin da ya zo jana'iza ba a gayyace shi ba bai rufe ƙofarsa ba. Kada ka rubuta masa doguwar wasiƙa, na ga alama ka iya, kuma za ka ɓuya a cikinta. Ka kira shi ka ce za ka zo ranar Lahadi. Ku keɓe ku biyu, ka faɗa masa abin da ka zarga, ka ce ka yi kuskure, ka ba shi katin. In ya yi fushi, ka saurara, ya cancanta. Batun haƙora kuwa, ko da wasa kada ka taɓa shi, matarka ta san halinka.

Kada ka je hannu rabbana. Ka sake gasa naman, wannan karon ka tsaya kusa da murhu, in ka sauke ka bar shi ya huta minti goma kafin ka yanka. Ka ɗaure gefe ɗaya da jan zare. A shekarunku, ina ganin duka gefen biyu ma a bar gyaɗar.

Allah ya kai ka lafiya, ya sa ka tarar da shi da yunwa.

Wiesława