Kabewar Roba a Baranda

Mama,

Ina gaisuwa. Ya gida, ya ƙafar Baba? Da fatan sanyin Ohio bai fara taɓa shi ba.

Ni lafiya lau. Nan Arizona kaka ta shigo a kalanda kawai. Na sayi kabewar roba mai araha, na shafe ta da fenti ruwan zinariya, na ajiye a baranda. Maƙwabciyata ta ce, "Ke Lorraine, daga nesa sai ka ce ta gaske." Na ce haka gidan duka yake.

Na san kin fara jera kabewa a ƙofar gida, kowa da sunansa a jikin tasa. Bana ki bar ta surukinki Glenn. Ya kwashe kayansa tun watan jiya. Idan Baba ya ƙirga, ki ce gona ce ba ta yi ba.

Allah ya ƙara lafiya.

'Yarki,
Lorraine