Inda Fuskar Baba Ta Duba

Daga Atika, Ƙofar Marke, Sakkwato, zuwa ga ƙanena Sodangi a Makka.

Gaisuwa da fatan alheri. Bayan haka, alhazan bana sun tabbatar mana Baba ya rasu a ƙasar Sin, garin abokin nan da ya bi daga Makka don koyar da karatu. Inna ba ta yi kururuwa ba, amma abinci ya fita ranta. Maganarta ɗaya ce: "Wa yas sani ko sun san gabas? Sodangi shi tahi shi gano min inda huskatai tad duba."

Na san kai ko a kasuwar Sakkwato ɓata kake yi, amma kai ne namijin da ya rage mana. Ka je. Allah ya tsare. Wassalam.

*

Daga Sodangi, ƙasar Sin, zuwa ga Yaya Atika.

Gaisuwa mai yawa, ki durƙusa ki gaishe min da Inna. Na iso bayan wahalar teku. Garin ƙarami ne, da ganuwa da ƙofofi kamar namu, sai dai ba mai jin bakina. Yara na bi na suna taɓa hannuna su duba yatsunsu. Wasu sun so su ɗauke ni a kujera bisa kafaɗa, na ƙi. Ban mutu ba tukuna. Dabarar da na gano ita ce duk ƙofar da aka zana buta, gidan Musulmi ne. Butoci na bi har masallaci.

Liman ya ce min da Larabci makabarta tana bayan ƙofar yamma. Ruwa ake ta yi, ba rana, sai na ba alƙiblar masallacin baya na miƙe, a zatona yamma na nufa, kamar a gida. Na ɓulla bakin kogi wurin masu aladu. Kashegari ma haka. Ran da rana ta fito na gane dalili: Yaya, mutanen nan mafaɗar rana suke fuskanta su yi salla! Na sami kabarin, kan Baba a arewa, fuskarsa yamma. Na yi kuka don baƙin ciki. Na ari fartanya, gobe zan gyara wa Baba kwanciya ko za su kashe ni. Kada ki gaya wa Inna tukuna. Wassalam.

*

Yaya Atika, gaisuwa kuma. Ayari bai tashi ba, takardun biyu za su zo miki tare.

Liman ya tarar da ni na ɗaga fartanya. Tsoho ne, amma ya riƙe ƙotar gam. Bai yi faɗa ba. Ya aza dutse a laka ya ce, "Makka." Ya aza tsakuwa gefe guda ya nuna ƙirjinsa, ya miƙo min wata. Na aza Sakkwato a ɗaya gefen, na tsaya ina kallo. Kunya ta kama ni, ni da na ga an kewaye Ka'aba ta ko'ina. Mun wuce Makka, Yaya. Daga nan yamma take.

Sai ya ja layi da yatsa daga tsakuwarsa, ya ratsa dutsen, ya tsaya a tawa. Ki zana wa Inna haka a ƙasa. Ina nan tafe, in Allah ya yarda. Wassalam.

*

Sodangi, gaisuwa. Na aika wannan Makka ta jira ka.

Na zana mata. Ta daɗe tana duban layin, sannan ta ce, "Ashe ni yaka kallo." Ta ci tuwo ranar. Yanzu in ta sallame salla ba ta tashi da wuri, sai ta zauna fuskarta gabas tana ba Baba labarin gida.

Ka dawo ka same ta da rai. Kuma don Allah ka bi ayari, kada ka bi kanka. Wassalam.