Kiwon Kifi a Fatakwal

Zuwa ga ƙanwata Laraba, Ƙofar Guga.

Bayan gaisuwa, ya yaran, ya ƙafar Malam Iro? Allah shi ƙara sauƙi.

Ni lafiya lau. Idon da ɗana Haliru ya kawo ni Fatakwal dominsa ya warke tuni, amma ɗan nan ya ƙi sallamata. Kifaye yake kiwo cikin akwatin gilashi, dangin karfasa, shuɗi da rawaya. Ba a ci, ba a sayarwa, sai faɗa suka iya. Shi da matarsa su fita aiki, a bar ni da su. In an ɗauke wuta, injin da ke ba su iska ya tsaya, ni ke tsaye ina kwarara ruwa da kofi kada su mutu. Ni da na yi kiwon shanu.

Wata cikin kifayen ta ƙunshe ƙwanta a baki, ta ƙi cin komai har ta rame. Jiya ta tofar da 'ya'yan, ta tafi neman abincinta. Ta fi ni hankali.

Ki gaya wa Lado, ƙanen marigayi maigidana, kada shi sa ɗan haya a ɗakina. Ran Asabar zan shiga mota, ko Haliru ya yarda ko bai yarda ba.

Yayarki,
Rahinatu