Kusan Rumbu da Kusan Shago

Lahadi, 2 ga Rajab 1320
Ɗiyata Haske ta sake ɓuya bayan randa. Tasa ce kawai ta faɗi. Ɗiyar shekara shida, sai makyarkyata kamar tsohuwa. Inna ta ce jini ne, dangin uwarta na ƙauye duk matsorata ne. Tanne ta ce ƙarya, lafiya lau ta haife ta, tun ranar da sojan Annasara suka shigo ɗibar hatsi ta zama haka. Ni ina tsakiya, uwa nan, mata nan. Na daka wa yarinyar tsawa. Fatar da nake yanka ma ta lalace.

Laraba, 5 ga Rajab
Dabara ta zo mini. Akwai kusu mai jego a rumbu, inda mussa, kyanwar gidanmu, ke farauta kullum, ko inuwa ta gani sai gudu. Wata kuma a shagona na dukanci, ba ta jin kunyar kowa, gabana take cin ƙullun liƙa fata. Na kama su da 'ya'yansu, kowace da tukunyarta. Na musanya rabin 'ya'yan, na ɗiga wa na rumbu baban rini a wutsiya. In jini ne, za a gani.

Alhamis, 6 ga Rajab
Ta rumbu ta cinye ɗaya daga cikin baƙin. Inna ta ce malamin banza, mai kiwon kusa.

Alhamis, 13 ga Rajab
Tanne na so a kai Haske wurin wanta Maikano, a yi mata wasan bori. Na hana. Ba ta ba ni tuwo da hannunta ba.

Alhamis, 27 ga Rajab
'Ya'yan kusan sun yi gashi, suna yawo. Na zuba su cikin babban akushi, na tafa hannu. Wani ɗan rumbu da ta shago ta shayar ya tsaya tsakiya yana wanke fuska. Na yi murna. Ɗan'uwansa kuwa, nono ɗaya, tukunya ɗaya, ya manne a gefe har ya yi fitsari. 'Yan shagon da suka tashi wurin ta rumbu, wani haka, wani haka. To me na gano? Inna ta nuna mai fitsari, Tanne ta nuna mai wanke fuska. Kowa ya ci gari, ban da ni.

Asabar, 29 ga Rajab
Rinin ya goge daga wutsiyoyin. Yanzu ban san ɗan wa da wa ba.

Juma'a, 5 ga Sha'aban
Na tarar da Haske durƙushe gaban tukunya, mai tsoron nan yana cin gero a tafinta. Ni ko leƙe na yi sai ya ruga. Na ce yaya aka yi? Ta ce, "Baba, ba a yi mishi magana da ƙarhi." Ba ta dube ni ba. Na fita masallaci tun ba a kira ba.

Alhamis, 11 ga Sha'aban
Na kai kusan bayan gari na sake, sai ɗaya da Haske ta roƙa. Inna da Tanne na nan kan bakansu. Yau jakin maƙwabcinmu Albarka ya yi kuka a ƙofa, Haske ta shige ƙarƙashin gado. Na ɗauko aikina na zauna nan ƙasa kusa da ita, don hasken ɗakin ya fi. Kafin in gama ɗinkin kuben wuƙa ta fito, tana miƙo mini zare.