Tsutsar Tana Cikin Ganye, Yaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga yayana Haladu, a can Kudu inda kake. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kana lafiya. Yaya aiki, yaya baƙunta? Mutanen Janfalan suna gaishe ka. Na rubuta a wannan shafin na sada zumunta inda kowa zai gani ne don ba ka ɗaukar wayata, kuma na san kana leƙowa.

Atamfar da ka aiko wa Inna ta iso. Ta sa ta a ƙasan akwati tare da 'yan uwanta, ko tela ba ta kira ba.

Ka tuna shekarar da tsutsa ta faɗa wa tumatirin fadamarmu, Baba yana kwance ba lafiya? Ka tafi Makarfi ranar kasuwa, ka dawo da kwalbar magani da famfon feshi goye a baya. Ka fesa da yamma, gari na wayewa tsutsa ta zube ƙasa kamar an karkaɗe tabarma. Gonarmu kaɗai ta tsira a gefen. Daga ranar sunanka ya koma Likita. Dattawa da furfurarsu suna sallama a ƙofar gida, suna tambayar murfi nawa za su zuba. Ni kaina har wani kumbura nake in an ce ga ƙanen Likita.

Yau ina jin haushin kwalbar nan. Da ma ranar ta ƙi aiki, da ka koyi tambaya.

Da sabuwar tsutsa ta zo, ni na tsinko ganye na ɗaga maka shi a rana. Ga ta nan a tsakiyar ganyen, ta yi ɗaki, tana ci daga ciki inda feshi ba ya kai mata. Ko kallo bai ishe ka ba. Ka ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To ai ba rimi na hau ba, Yaya, a tafin hannuna take.

Malamin gona ya zo daga Ikara, ya ce a tuge wanda ya kamu a ƙone, a rufe wurin renon iri da gidan sauro, a canja magani, a huta da tumatir a sa albasa. Ka yi masa dariya a gaban jama'a, wai wanda hannunsa ba kanta ne zai koya maka noma. Ka ƙara murfi ɗaya. Bai yi ba, ka ƙara wani. Safe feshi, yamma feshi, har fatar hannunka ta fara saɓulewa, tari ya hana ka cin tuwo. Ganye ya ƙone, tsutsa tana ta ƙiba.

Ba mu kaɗai muka sha ba. Duk wanda ya amince da Likita haka ya tashi da kwanduna wayam. Maƙwabcinmu Malam Idi ya daɗe yana kawar da kai in mun haɗu a masallaci, ni da ko famfon ban taɓa goyawa ba.

Sai ka tattara ka tafi, ko sallama babu. Wannan ma na san inda ka samo shi. Kana saurayi ka yi faɗa da Baba, ka gudu ci-rani, ka dawo da sabon babur, aka yi ta murna, aka manta da faɗan. Tun daga nan ka ɗauka tafiya ce maganin kunya. Abu in ya yi maka sau ɗaya, shi ke nan ya zama addini a wurinka. Ina jin takaicin wannan hali naka, kuma na gaji da ɓoyewa.

Kiɗa ya canja, mun canja rawa. A ɓangarena na fadamar na yi albasa, bana na koma tumatir, ya yi daidai gwargwado. Malam Idi ma har ya fara amsa gaisuwa. Naka ɓangaren kuwa ciyawa ce, Inna ta hana kowa ya sa masa fartanya. Ta ce mai shi na nan tafe.

Ita ce dalilin wasiƙar nan. Ta rame, Yaya. Loma biyu take yi ta ture kwano. Ƙarar babur in ta tsaya a ƙofar gida, sai ka ga ta gyara ɗankwali tana kallon zaure. Idonta ya fara hazo, jiya ta kira ni da sunanka, ban iya gyara mata ba.

Na san abin da za ka yi in ka karanta wannan. Za ka sake aiko atamfa, wataƙila har biyu. Don girman Allah kada ka ƙara murfi. Kana ta fesa mata daga waje, abin da ke cin ta kuwa yana ciki. Ba ta buƙatar ka dawo da babur ko da sunan Likita. Haladunta take nema, ko da silifas ne a ƙafarsa.

Allah ya jiƙan Baba, ya ba Inna lafiya, ya sassauta maka zuciya. Allah ya kawo ka gida tun tana iya gane fuskarka.

Ƙanenka da har yanzu yake share maka ɗaki,
Sabi'u