Ɗana yana zuwa duba rijiyar gidanmu, ba ya hawowa ya duba ni

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin, a ɓoye sunana. Ban yi boko ba, maƙwabciyata ce ke rubutawa ina faɗa mata, idan kun ga magana ta karkace kuka ne ya tare ni. Don Allah ku ba ni shawara.

Daga Kumasi muka zo da maigidana, muka zauna a flat ɗin council, gidan haya na hukuma, a unguwar Moss Side har Allah Ya yi masa rasuwa a bana, yanzu haka ina cikin takaba. 'Ya'yanmu biyu duk suna Birmingham, macen tana aure a Sparkhill, namijin kuma, ɗan farina, injiniya ne. Ginin da muke ciki ba da gas ake ɗumama shi ba, rijiyoyi aka haƙa a bayan gida, lokacin zafi a tura zafin cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa a ajiye, sanyi ya zo a jawo shi. Lokaci-lokaci sai a zo a matsa ruwan a rufe, a zauna ana kallon yadda ƙarfinsa ke sauka, da haka suke gane ko zafin yana nan ko ya gudu. Pressure test suke ce masa. Ɗan nawa na cikin masu zuwa yin gwajin, shi ya bayyana wa babansa haka, marigayi har a masallaci yake fariya da shi.

Tun da aka yi sadakar bakwai ban sake sa shi a ido ba, kullum sai ya ce aiki ya yi yawa, Birmingham da nisa. Ran nan ina tsaye a taga sai ga shi a bakin rijiyar da rigar ma'aikata, shi da Turawa biyu. Ni mai takaba, ba halin sauka. Na yi sauri na dafa waakye da shito, wake da shinkafarmu ta Kumasi da miyar barkono, yadda yake so, na zuba a kular babansa, maƙwabciyata ta kai masa. Tana jin Turanci sarai. Ta ce ya karɓa yana murmushi, ya ce wa abokan aikinsa wata tenant ce, wato 'yar haya, mai kirki ta aiko. Tenant! Ni da na goya shi a layin bas cikin ƙanƙara. Ya wuni a mota yana gadin allurar ma'aunin ruwan, suka tattara suka tafi, ya bar kular a bakin ƙofar ƙasa, ko buɗewa bai yi ba. Wallahi tun ranar ƙyamar abincin nan nake ji.

Na kira ƙanwarsa ina kuka, ta same shi. Da farko ya ce wai idan an fara test ba a barin wurin, kuma mutanen gini suna ƙorafin heating ba ya zafi, idan kamfani ya san uwarsa na ciki za a cire shi daga aikin. Da ta matsa masa sai ya ce ai ni ma ban taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba, tun yana primary iyayen yara na kiran 'ya'yansu a bakin gate, ni sai dai in ce kai, zo mu tafi. Jama'a, kunyar ɗan fari ce fa! Haka uwata ta yi wa yayana, ba wanda ya ce ba ta son sa. Ashe shi ƙiyayya ya ɗauka, ya haɗiye, sai da babansa ya kwanta dama sannan ya rama. Abin ya ba ni takaici, mutum ya san abin da ke ƙarƙashin ƙasa, bai san al'adar gidansu ba.

Yanzu an ce za su dawo gwaji bayan na fita takaba. Ƙanwarsa ta ce in kyale shi kada ya rasa aiki. Zuciyata kuwa tafasa take, ina tsoron bakina na uwa ya furta abin da zai bi shi. Shin in ja labule in bar shi da rijiyarsa, ko in sauka in tsaya a gaban Turawan nan, in ajiye kunyar da na riƙe tun haihuwarsa, in kira sunansa da ƙarfi in ga ko zai amsa?