Maganin Kallamu

Sanyuanli, Guangzhou
12 ga Yuni, 2008

Zuwa ga maiɗakina A'isha,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan ke da yara kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna?

Kasuwa ta yi sanyi. Saboda wasannin Olamfik da za a yi a nan China an tsaurara biza, 'yan kasuwarmu na Kano ba sa shigowa sosai, ga kuɗin asibitin ma'aikatana biyar da nake biya ya kusa ninkawa. Wani abokina mai masana'antar jakunkuna a garin Shiling ya ba ni shawara, na bi. Yanzu duk wata ina ba kowa kuɗin kula da lafiyarsa a hannu, ya kula da kansa, abin da ya ragu nasa ne. Duk sun yi murna, musamman Kallamu, dattijon nan mai ɗaure mana kaya. Ni ma na ji an sauke min nauyi.

Ina kewar miyar kukarki.

Mijinki,
Shehu Jika

22 ga Agusta, 2008

A'ishata,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Ni jikina ƙalau, zuciyata ce babu daɗi.

Juma'ar da ta wuce Kallamu ya faɗi a ƙofar Masallacin Huaisheng. Likita ya ce hawan jini ne, kuma wata biyu bai sha magani ba. Ashe kuɗin da nake ba shi 'yarsa Ruƙayyatu yake aika wa, wadda ke karatun jinya a Maiduguri. Na san yana da ciwon, A'isha, ni nake sayen maganin a da. Ko sau ɗaya ban tambaye shi ba.

Hannunsa na hagu ya saki, amma yana magana. Da na shiga wurinsa a asibiti, haƙuri ya fara ba ni wai ya jawo min asara. Na kasa kallonsa.

Na faɗa wa sauran cewa maganin duk mai doguwar jinya ya dawo wuyana. Kuɗin jirgina kuwa ya tafi asibiti, don haka ba zan yi Sallah da ku ba. Ki lallashi yara.

Jiya ya sa na rubuta wa 'yarsa cewa lafiyarsa lau, kada jarrabawarta ta lalace. Na rubuta, takardar tana aljihuna, ban aika ba. Ke kin fi ni sanin zuciyar 'ya mace. Ki faɗa min yadda zan yi.

Ki gaishe da Inna, ta sa mu a addu'a.

Naki har kullum,
Shehu